Ranar da Na Ɗauko Kwalba a Ka

Sun rushe wurin wankinmu. Tun da safe na ji rurin motar rusau, ban fita ba sai da rana ta ɗaga, na tarar dutsen da muka yi shekara da shekaru muna bugun kaya a kansa an ture shi bakin kwata, ya kife. Wai shaguna za a gina wa masu gyaran waya. Na tsaya da sandata na zage su tas, daga mai motar har wanda ya aiko shi, da Hausa da yaren Asante, yaran suna ta dariya suna cewa tsohuwa ta tashi da faɗa yau. Ban ga laifinsu ba. A wurinsu dutse ne kawai. Ni kuwa a kansa na koyi duk abin da na iya a duniya.

Da can, in gari ya waye a Zangon Kumasi, unguwarmu ta Hausawa, ba ƙarar babur ke tashe ka ba. Bayan sallar asuba sai ka ji bokitai suna karo a layin famfo, mai koko tana ƙwala kira, can nesa jirgin ƙasa yana huci a tasha. Sannan sai bugun wanki ya fara, tim, tim, wannan ta buga waccan ta amsa, har ka iya gane hannun kowace mace ba tare da ka leƙa ba. Hannun uwata, wadda muke kira Mma, shi ne mafi nauyi. Tun da mahaifina ya rasu wanki da guga ta riƙe ta ciyar da mu. Muna zuwa har unguwannin Krofrom da Kwadaso a ƙafa mu karɓo kayan akawu-akawu da malaman makaranta, mu ƙullo su a zane mu ɗoro a ka. Gidanmu kullum ƙamshin sabulun salo yake, da hayaƙin gawayin dutsen guga, da tsamin sitacin rogo da aka dama aka ajiye ya huce. In aka shanya fararen kaya bayan an tsoma su a ruwan bula, sai ka kanne ido kafin ka iya ratsa tsakar gida.

Masu ba mu wanki mutanen alƙalami ne, don haka babu makon da ba a kawo rigar da tawada ta zube a aljihunta. Mma ba ta taɓa shiga aji ba, amma tawada kam ta san halinta. Sai ta ɗaga rigar ta duba a rana, ta shinshina, kafin ta ce komai. Ta allo ba ta da wuya, tunda baƙin tukunya ne da ƙaro, ruwa kaɗai ya ishe ta. Ta alƙalamin bature, shuɗiyar nan, sai a jiƙa wurin a nono mai tsami, ko a matsa lemun tsami a barbaɗa gishiri a baza a rana. Ta biro da ta hatimin ofis su ne masu taurin kai, ba ruwansu da lemo. Su sai sifirit na kantin magani, ana ɗiga shi kaɗan-kaɗan. Na sha mari a kan tawada. In ta ga na kama cuɗawa da ƙarfi sai ta buge hannuna ta ce, "Ke, faɗa kike yi da rigar? Sa tsumma a ƙasa, ki danna, ki ɗaga. Daga gefe ki nufi tsakiya. In kika cuɗa, gaba za ta ci." Ruwan zafi kuwa ko kusa. Guga a kan tabon da bai gama fita ba, a wurin Mma, laifi ne da ya kai a hana mutum tuwo, domin zafi yana zaunar da tawada ta zama 'yar gida.

Yanzu wa yake wannan wahala? Biro ya fashe a aljihun yaro, uwar ta antaya wa rigar ruwan nan na kwalba mai warin asibiti, tabon ya tafi, zaren ma ya bi shi. Ko kuma a jefar a sayo wata a gwanjo. Ba na cewa zamaninmu ya fi. Yatsuna sun lanƙwashe saboda ruwan sanyi, ba zan yi wa kowa fatan haka ba. Amma mu a lokacin ba mu san a ce abu ya ɓaci a bar shi ba. Sai an gwada, an sake gwadawa.

An yi mini aure ina budurwa sosai, da wani baduku mai rumfa a gefen babbar kasuwa. Mutum ne mai sanyin magana, doguwar wuya gare shi, in yana ɗinki har harshensa yakan leƙo. Yana yin takalma, da gafaka ta littattafai, da kuben wuƙa, da tumtum na zama waɗanda matafiya ke so. A Kumasi aka haife shi, kamar ni. Ubansa ne ya zo daga wajen Sakkwato a ƙafa tare da fataken goro, ya zauna, ya tsufa, aka binne shi a nan. Abin da ya bar wa ɗansa bai wuce kayan aiki da farar riga ɗaya ba, babbar riga mai aikin hannu a ƙirji, wadda tsufa ya sa ta yi laushi kamar fatar jariri. A rumfa mijina yake rataye ta, cikin jakar ƙyalle, don daga kasuwa yake wucewa masallacin Juma'a. Ni ke wanke ta, kuma ban taɓa yarda Mma ma ta taya ni ba.

Ina da ciki na fari, ya fara nauyi, sai aka yi sanarwa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin 'yan kwanaki. Da farko ba mu ɗauka da mu ake ba. Wane baƙo? Ni kakata ta wajen uwa Bagonjiya ce, 'yar asalin ƙasar nan, cibiyata a bayan ɗakin Mma aka binne ta. Mijina yana jin yaren Asante fiye da yadda yake jin Hausar Sakkwato, bai taɓa wuce garin Kintampo ya yi arewa ba a rayuwarsa. Amma kafin mako ya zagayo sai Zango ta zama kasuwar gwanjo. Gadaje, tukwane, keken ɗinki, akwatuna, duk a bakin titi, ana bayarwa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Manyan motoci suka cika fili, mutane a saman kaya, tsofaffi suna kuka, yara suna murna sun ɗauka yawo za a je. Bayaraben da ke da kantin magani a layinmu ya kulle ya tafi. Mai nama ya tafi. Bugun wanki na safe ya ragu, har na fara lissafa hannun da babu. Wan mijina, wanda muke kira Yaya, shi ne babba a gidan, ya ce shi ya riga ya yi magana da direba, kowa ya ɗaure kayansa. Mijina ya ce a dakata tukuna, yana da aikin mutane a hannu.

Akwai wani mutum mai rumfar takalman roba a jikin tamu. Ba wani bare ba ne, sahu ɗaya suke tsayawa da mijina ranar Juma'a, ya ma ci tuwon bikina. Shi takardunsa lafiya lau. Tun da aka yi sanarwar ya dami mijina da ya bar masa rumfar, wai gara ta faɗa hannun na gida. Mijina ya ce masa bai tashi ba tukuna. Ya sake zuwa, ya sake jin amsa ɗaya.

Wata safiya ina kan dutse ina wanki sai ga mijina ya dawo, ko awa bai yi da fita ba. Yana rungume da buhu, ya sauke shi a gabana, ya zauna a ƙasa, mutumin da ko a tabarma sai ya kakkaɓe kafin ya zauna. Na kwance buhun. An fasa ƙofar rumfar, ba a ɗauki ko allura ba. Tawada aka watsa, shunayya, irin ta hatimi, kwalba guda ko fiye. Ta bi tumtum ɗin da ya gama, ta bi gafakoki, ta bi fatun akuya da ya sayo daga majema bai ko yanka ba. A ƙasan buhun sai ga rigar. An fito da ita daga jakarta an shimfiɗa, aka zuba mata daga wuya har ciki, daidai kan aikin.

"Yaya ya yi gaskiya," in ji shi. "Ki ɗaure kayanki."

Na ce, "Mu je ina?"

"Inda aka ce can ne garinmu."

"Wa ka sani a can? In naƙuda ta kama ni a bayan mota, wa zai karɓi haihuwar, direba?"

Ya ce, "Ba tawadar ba ce. Wanda ya yi wannan ya san rigar waye. Ya san inda nake rataye ta. In wanda ya san ka ya yi maka haka, me kake jira daga wanda bai san ka ba?"

Na ce masa, "To, ko tafiyar ce, ba zan hau mota da ƙazantarsu ba. Rigar Baba ba za ta bar Kumasi a haka ba."

Mma ta zo ta tsuguna, ta ɗaga rigar a rana, ta shinshina. Ta ce kada kowa ya kusanto da ruwa. Ta ce sifirit ne maganinta, kuma ba ɗan kaɗan ba. Na tuna mata mai kantin ya tafi. Muka aika cikin gari, aka ce babu, wanda yake da shi ya ɓoye. Mma ta dubi hagu ta dubi dama, sannan ta rage murya ta ce lokacin da take wanki a gidan wani bature a Kwadaso ta ga kukunsa yana fidda biro da akpeteshi, barasar nan mai ƙarfi da ake dafawa daga bammi. Ta ce aiki ɗaya suke yi da sifirit. Ta faɗa ne kawai kamar mai ba da labari, don ta san babu ɗan Zangon da zai je ya sayo. Kafin ta rufe baki na ɗauki mayafina.

A Anloga ake samunta, unguwar masu katako. Na bi ta tsakanin tarin alluna, zarto yana kuka ta ko'ina, garin katako yana shiga hanci, ina tambaya ana kallona. Mace mai ciki, da mayafi, tana neman gidan barasa da rana tsaka. Aka nuna mini wata rumfar langa-langa. Mai wurin mace ce ƙatuwa mai tabo a goshi, kowa yana kiranta Daavi, yadda ake kiran matan can. Mazajen da ke zaune a benci suka juyo suna kallona da na shiga.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce da yaren Asante, "'Yar Zango, kin ɓata hanya ne?"

Na ce, "Ban ɓata ba. Wadda ta fi ƙarfi nake so, kwalba cike."

"Mijinki ne ya fara sha saboda tashin hankali?"

Na gaya mata abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta daina murmushi. Ta shiga ciki ta fito da wata kwalba dabam da wadda take zuba wa masu sha, ta ɗiga kaɗan a kan tebur ta ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi. Ta ce wannan ba a sirka ta da ruwa ba. Da zan fita ta riƙo hannuna ta ce mijinta kafinta ne, shagonsa na nan bayan rumfar, in abu ya yi tsanani mijina ya zo, babu mai neman Bahaushe a cikin garin katako.

Ta so ta naɗe mini kwalbar a takarda. Na ce ta bari. A hanya na yi ta tunani: in na ɓoye ta a ƙarƙashin mayafi aka gani, an gama da ni, za a ce ga abin da take yi a ɓoye. Kuma na gaji da ɓoyo. Mako guda ke nan muna magana ƙasa-ƙasa a garin da aka haife mu, muna leƙe kafin mu fita, kamar mun saci wani abu. Da na iso bakin Zango sai na naɗa gammo, na dasa kwalbar a tsakiyar kaina, na saki hannuwa, na shiga ta babban layi. Kowa ya san irin kwalbar, kuma warinta ba ya ɓuya. Matan da ke tsaye wajen masu ɗaure kaya suka bar abin da suke yi. Wata ta ce, "La ilaha illallahu, 'yar mai wanki ce!" Wata ta tofar da yawu. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, da sunan 'ya'yansu, ban sauke ido ba.

Labari ya riga ni isa gida. Yaya yana tsaye a ƙofa yana jirana.

"Matar ƙanina! Giya a ka, a tsakiyar Zango! Abin da ake mana bai isa ba sai kin ƙara mana da wannan? Fasa ta yanzu, ko in fasa ta a kanki."

Na ce, "Yaya, wanda ya zuba wa rigar ubanka tawada ka je ƙofarsa ka yi masa wannan ihun?"

Ya ɗaga hannu. Mma ta shiga tsakani, ita da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta ce in ya taɓa mai ciki sai dai motar ta tafi ba shi. Aka ce to a je wurin liman.

Limamin unguwarmu tsoho ne ƙwarai. Muka same shi a zaure yana ɗaure littattafansa da igiya, shi ma tafiya zai yi. Yaya ya zayyana masa laifina. Malam ya saurara yana ci gaba da ƙulli, sannan ya ɗago ya dube ni.

"An sha?"

"Ba a sha ba, Malam. Wanki zan yi da ita."

"Rigar marigayi ce aka ɓata?"

"Ita ce."

Ya saki igiyar da ke hannunsa. Shi ya yi wa mai rigar sallar jana'iza. Ya ce, "In kin gama ki ɗauraye da ruwa mai tsarki har warin ya tafi, fatun ma ki shafe su da ruwa. Abin da ya rage ki zubar." Ya juya ga Yaya ya ce, "Kai kuma je ka ji da kayanka." Da na tashi zan fita sai ya ƙara da cewa, "Yarinya, ki wanke ta da kyau. Ni ba zan ga yadda ta fita ba."

A kan dutsen nan na shimfiɗa rigar. Mma ta yayyaga tsohon zanenta fari ta yi tsummoki. Mu sa ɗaya a ƙasa, in ɗiga barasar a gefen tabon, in danna da wani, in ɗaga. Shunayyar ta fara narkewa tana bin tsumma, mu canja, mu sake. Warin yana hawa kaina, na je bayan gida na yi amai na dawo na ci gaba. Wurin aikin hannun ya fi wuya, don zaren ya sha tawadar har ciki. Sai da na naɗa auduga a tsinken tsintsiya na bi shi layi-layi. Da la'asar tabon ya koma kamar inuwa. Washegari muka bi shi da lemun tsami da gishiri muka baza a rana, muka ɗauraye, muka sake. Mata suka fara zuwa kallo, waɗanda suka tofar da yawu ma har da su. Wata ta kawo lemo daga gidanta ta ajiye mana.

Fata ba a jiƙa ta, wannan kowane baduku ya sani. Ita sai haƙuri: auduga a tsinke, a taɓa, a ɗaga, a bari ta sha iska, sannan a shafa man kaɗanya don kada ta bushe ta tsage. Na fara da wani tumtum ja, sai na ga barasar tana ɗebe tawadar tana haɗawa da jan rinin. Duk wannan lokaci mijina yana zaune a bakin ɗaki, ko abinci bai ci ba. Da ya ga abin da nake yi wa fatarsa sai ya kasa daurewa.

"Ke, ba haka ba! Za ki kashe ta. Kawo."

Ya karɓe tsinken. Can na ga harshensa ya leƙo. Na dubi Mma, ta kawar da kai tana danne dariya. Abin da ya fita ya fita. Wanda inuwar ta ƙi tafiya ya dama kuloko, baƙin rinin dukawa, ya mai da shi baƙi wuluk, ya fi da kyau. Wasu fatun kam sun tafi, sai dai a yanka a yi madaurin takalmi. Motar Yaya ta tashi ana cikin wannan aiki. Mijina ya raka shi fili, suka rungume juna suna kuka, ya dawo shi kaɗai. Bai ce mini mun fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce in sa wa rigar sitaci sosai.

Ranar Juma'a na goge ta da kaina, bayan na tabbata babu sauran abin da zafi zai zaunar. In ka san wurin, ka kuma ɗaga ta a rana, za ka ga ɗan duhu a gindin aikin. In ba haka ba fara ce fes. Ya sa ta tun daga gida, muka tafi kasuwa tare, ni ɗauke da kayan a ka. Ya gyara ƙofar rumfa, ya jera tumtum da gafaka a waje inda kowa zai gani. Ban zubar da sauran barasar ba tukuna, Allah ya yafe mini, tana cikin kwandona.

Maƙwabcin namu ya fito daga rumfarsa ya tsaya turus. Ya dubi rigar, ya dubi kayan. Sannan ya tattaro murmushi ya matso, yana cewa ya ji abin da ya faru, Allah ya tona asirin azzalumai. Ya miƙo wa mijina hannu. A nan na gani. Ya wanke hannun, ya goge shi har ya yi ja, amma gefen farcensa da ƙarƙashinsu shunayya ce zane-zane. Mijina ma ya gani. Na san halinsa, zai haɗiye ne ya yi shiru har ya mutu. Ni kuwa na zaro kwalbar na dangwara ta a kan teburin mutumin, a tsakiyar takalmansa, na ɗaga murya yadda layin duka zai ji.

"Baba, sabulu ba ya fidda wannan, ko ka kankare fatar. Ga abin da ke fidda ta, ya rage. Ka sa auduga, ka danna, kada ka cuɗa. Ka yi sauri, an kusa kiran sallah."

Ya tura hannuwansa cikin riga. Matan Asante masu sayar da yadi a gaban layin suka taso, ɗaya ta ce ya fito da hannun a gani. Bai fito da shi ba. Ya shige rumfarsa ya ja ƙofa, ranar bai je masallaci ba. Na ɗauki kwalbar na tuttular da ita a kwata a gaban kowa, kamar yadda Malam ya ce.

Ba zan yi ƙarya in ce mun ci nasara a komai ba. Da aka matsa da kame, mijina ya koma Anloga wurin mijin Daavi, yana kwana a bayan tarin katako, ina kai masa abinci a kwandon wanki. Yana can na haihu, ranar suna ya lallaɓo ya zo ya koma. Da shekara ta juyo aka hana baƙi marasa takarda irinsa ciniki a kasuwa gaba ɗaya, rumfar ta tafi, kuma mutumin nan ne dai ya same ta. Amma zaman Anloga ya koya wa mijina lulluɓe kujeru da fata, kafintoci suka riƙa kawo masa aiki har gida, da shi muka rayu muka aurar da 'ya'ya. Yaya bai sake ganin Kumasi ba. Mijina ya tsufa a nan, ya rasu a nan, aka kai shi kusa da ubansa.

Tun daga ranar nan aka sa mini suna Mai Kwalba. Da farko a bayan idona ake faɗa, don a ci mutuncina. Na ce su faɗa a gabana. Na je Makka na dawo, sunan bai canja ba, sai dai aka ƙara masa Hajiya. Matasan unguwa suna zaton man gyaɗa na taɓa sayarwa. Tsofaffin da suka san dalili saura kaɗan, in mun haɗu a wurin suna ko jana'iza sai wata ta ƙwala mini shi daga nesa, da ƙarfi, yadda ake kiran mai laifi. Ni kuma in gyara mayafi in amsa mata da ƙarfin da ya fi nata.